Ranar da Laftof Ɗina Ta Ƙwace Wutar Ɗaurin Aure

Komai zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Zulai, ƙanwar matata, ba. Ba don daɗin shinkafar biki ba, don ni ko loma ɗaya ban iya kaiwa baki ba. A ranar ne na gane cewa mutum yana iya yin gumi har tafin ƙafa alhali lafiyarsa ƙalau, kuma ba wanda ya jawo mini sai ni da kaina.

Lokacin ina digiri na biyu a Gusau. Aikina lissafi ne a kan yadda ruwan sama ke gangarowa daga duwatsun Kwatarkwashi yana yanke gonaki. Ni ɗan can ne, gonar mahaifina tana gindin dutse, kuma duk damina sai ruwa ya gutsure mata gefe, don haka aikin ya shiga raina sosai. Yadda ake yi shi ne, a zuba wa kwamfuta taswirar duwatsun da bayanan ruwan sama na shekaru, ita kuma ta yi ta lissafi har ta zana maka hanyoyin da ruwan zai bi. Matsalar ita ce tsohuwar laftof ɗina, wadda na gada daga yayana. Da na danna mata aikin sai ta ƙame. Kibiyar da ke kan allo ba ta motsi, allo ya yi fari fat, ni kuma in zauna ina lallashinta da baki kamar tana ji.

Dakta, malamar da ke duba aikina, ta kalle ta sau ɗaya ta girgiza kai. Ta ce, "Wannan ba za ta kai ka ko'ina ba. Ka nemi mai furosesa mai ƙarfi da ram mai yawa, in ba haka ba sai ka tsufa a nan."

Ai kamar ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Tun daga ranar na zama ba ni da zance sai na laftof. A masallaci bayan an sallame, a wurin mai shayi, a kan abinci, duk wanda ya yi kuskuren gaishe ni sai ya sha bayani. Matata Asma'u ta sha shi har ta haddace: furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'ura, ram kuma faɗin tabarmar da take shanya aiki a kai. (Akwai ranar da na ji tana yi wa maƙwabciyarmu wannan bayanin ta kan katanga, da irin muryata, suna ta dariya. Na yi kamar ban ji ba.) Daga ƙarshe na sayar da babur ɗina na haɗa da ɗan abin da na tara, na nufi kasuwa ina tafiya kamar ba na taka ƙasa.

Nura mai shagon ya ajiye mini guda biyu a kan tebur. Ɗaya siririya ce, ruwan toka, ba ta da wani kwarjini. Ɗayar kuwa baƙa ce, mai kauri, da ƙofofin iska a gefe da baya. Yana kunna ta madannan suka kama walƙiya, ja, kore, shuɗi, suna bin juna. Wallahi sai da na ji numfashina ya ɗauke.

Nura ya ce, "Yallaɓai, wagga ba ta san gajiya ba. Duk aikin da kab ba ta, haɗiye shi takai."

Na tambayi furosesa, na tambayi ram, na tambayi girman ma'ajiya, duk amsoshin suka yi mini daɗi. Ya fito da cajarta, wata aba mai girman rabin bulo, na ɗaga na ji nauyi, na yi murmushi na ce a raina lallai wannan ita ce ƙarfi. Ban tambayi tsawon lokacin da batir ke yi ba. Ban tambayi yawan wutar da take ja ba. Siririyar kuwa ko kallo na biyu ban yi mata ba.

Kuma gaskiya ta yi aiki. Ɗan gwajin da tsohuwar ke yini a kai, wannan kafin Asma'u ta gama zuba mini shayi ta kammala. Na miƙe na yi rawa a tsakar ɗaki, ni da ban iya rawa ba. Abu ɗaya ne kawai: da ta shiga aiki sai fankokinta su tashi da ruri, har maƙwabciyarmu ta aiko tambaya ko mun sayi injin markaɗe ne a kawo mana tattasai.

To babban aikin shi ne ake ji. Wannan yana cin yini da kwana ba tsayawa. Ranar Litinin kuma malami zai zo daga wata jami'a don jin sakamakon ɗalibai, duk wanda bai shirya ba sai zagaye na gaba, wato baɗi. Na kunna aikin ranar Alhamis, ya yi nisa, aka ɗauke wuta. Na tafi masallaci hankalina kwance, ai akwai batir. Kafin in dawo in ci abinci, laftof ta mutu murus. Nan na fara sanin halinta. Na sake ɗaukowa daga farko ranar Juma'a, ina addu'a ina kallon ƙwan lantarki. Da safiyar Asabar koren layin da ke nuna ci gaban aikin ya ci fiye da rabi, ya doshi ƙarshe, sai ɗif, aka sake ɗauke wuta. Kuma a wannan Asabar ɗin ne za a ɗaura auren Zulai a 'Yandoto, inda Asma'u ta riga ta tafi tun farkon mako. In aikin ya sake mutuwa, babu sauran lokacin da zan sake shi kafin Litinin. In kuma na ƙi zuwa ɗaurin auren, da wane ido zan kalli surukaina?

Ina tsaye a tsakar ɗaki da babbar riga a hannu sai dabara ta faɗo mini. Yaya Sanusi, yayan Asma'u, ya haɗa sola a gidansu, kuma duk zuwan da na yi sai ya nuna mini ita. 'Yandoto ba nisa, batir zai kai ni. Sai da na tafa hannu don murna, ina jin kaina gwanin dabara. (Kuma tunda gaskiya ake faɗa, can ƙasan raina ina so a ga laftof ɗin. Mutum ya sayar da babur ya sayi abu, a ce surukansa ba su gani ba?)

A sanina, da an rufe murfinta aikin ya tsaya. Don haka na shiga motar Tsafe, mai bi ta 'Yandoto, da ita a buɗe a kan cinyata, na lulluɓa mata gefen babbar riga don kada a yi ta tambaya. Ba mu gama fita gari ba cinyata ta fara gasuwa. Fankokin suka tashi. Direba ya rage rediyo, ya karkata kai yana sauraren injinsa, ya rage gudu, ya sake saurare. Har ya fara neman gefen titi zai tsaya ya buɗe gaban mota, wata tsohuwa da ke bayana ta taɓa kafaɗata.

"Ɗan nan, mi ka kuka cikin rigakka?"

Na ce, "Kwamfuta ta, Inna. Aiki takai."

Ta ce, "To Allah shi ba ta lahiya."

Direban ya harare ni ta gefen ido, ya hau hanya ya ci gaba da tuƙi har muka isa.

Sai na ɗan tsaya na gaya muku irin surukin da nake kafin ranar, don ku san daga inda na faɗo. Ni ne surukin da ake misali da shi a gidan Alhaji, mahaifin Asma'u. Tun daga nesa nake cire takalmi. Ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, kuma in ina gaishe shi sai ya ce in maimaita saboda muryata ba ta fita. Ina alfahari da wannan kunyar tawa ƙwarai.

Da na isa, ƙofar gida ta cika maƙil. An shimfiɗa tabarmi da darduma a ƙarƙashin rumfa, dattawa a gaba, Alhaji a tsakiya kusa da Liman, ga fankoki biyu na tsaye suna juyawa, ga lasifika an ɗaure a jikin itace. Na leƙa cikin riga, batir ya koma ja. Na nemi Yaya Sanusi, aka ce ya tafi tarbo dangin ango da suka taso daga Bunguɗu. Ba zan iya jira ba. Na raɓa ta bayan mutane na faɗa zaure, na tarar da inbata, wato akwatin da ke raba wutar solar, a kusurwa bayan buhunan gero. Doguwar soket tana gefensa, wayar lasifika da ta fankoki a jiki, wata kuma ta shige cikin gida. Saura rami ɗaya babu kowa. Na ce ikon Allah, kamar ni aka ajiye wa. Na soka cajata, laftof ta yi haske, inbata ya yi wani ɗan ƙara, ƙit, ni kuwa na ɗauka marhabin yake yi mini. Na ɗora ta a kan buhu, na gyara hula, na fita na raɓe a gefen tabarma, kai a sunkuye, zuciya fara tas.

Dangin ango suka iso, aka zazzauna, aka ajiye faranti na goro da dabino a tsakiya. Liman ya karɓi makirufo ya yi huɗuba, muryarsa tana kaiwa har bakin titi. Ya juya wajen wakilin ango, ya buɗe baki zai yi tambaya, sai komai ya ɗauke. Bakin Liman yana motsi, ba a jin komai. Fankoki suka yi juyi biyu suka tsaya. Inbata ya yi kuka mai tsawo ya yi shiru. A cikin shirun nan ne kowa ya ji wani ruri yana fitowa daga zaure.

Na san rurin nan kamar yadda na san sunana. Na ƙara sunkuyar da kai, ina fatan ƙasa ta tsage.

Yaya Sanusi ya shiga zaure da sauri. Jim kaɗan ya fito riƙe da laftof ɗina can nesa da jikinsa, cajar tana reto, madannan suna ta walƙiyarsu, ja, kore, shuɗi, a gaban dattawan gari. Wani tsoho ya ja da baya yana salati.

"Wa ad da wagga aba?" in ji Yaya Sanusi, ransa a ɓace. "Ita ta kashe muna wuta!"

Da a nan abin ya tsaya, da na lallaɓa daga baya na ba shi haƙuri. Amma sai na ga hannunsa ya hau kan murfin, yana shirin rufewa. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba.

"Kak ka ruhe! Yaya, kak ka ruhe ta!"

Ni ne na yi wannan ihun. Ni, mai muryar da ba ta fita. Na tsallake ƙafafun mutum nawa ban sani ba, na taka gefen farantin goro ya kife, dabino ya watse a kan darduma, hulata ta yi nata wuri, na fizge laftof daga hannun yayan matata na rungume ta a ƙirji ina haki. Na duba allo, koren layin yana nan yana tafiya. Har na ce alhamdu lillahi a fili. Sai a sannan na duba inda nake. Ina tsaye ƙiƙam, kai ba hula, a daidai kan Alhaji, gefen rigata yana shafar rawaninsa, kuma idona yana cikin nasa karo na farko tun da na auri 'yarsa.

Na zube ƙasa kamar an sare ni.

Alhaji ya ce, a hankali, "Malam, lahiya dai?"

Na fara bayani. Na ce ruwa, na ce duwatsu, na ce gonar Baba, na ce Litinin. Ni kaina ban fahimci abin da nake faɗa ba. Shi kuwa ya saurara har na ƙare.

"In ta mutu hwa?"

"Sai baɗi, Baba."

Ya juya wajen ɗansa. "Sanusi, wutag ga ba ta ɗaukas su duka?"

"Ba ta ɗauka, Baba. Ga lasihika, ga hwanka, ga firiza cikin gida. In an sa wagga, sai an cire sauran."

Na buɗe baki zan ce a bar shi, na haƙura, Allah ya kai mu baɗi. Alhaji ya riga ni.

"To a cire sauran a ba baƙuwa. Mu da anka ɗaura muna aure, wace lasihika anka sa? Liman, ɗaga murya."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ina ji ina gani aka zare wayar lasifika, aka zare ta fankoki, aka zare ta firiza, aka tada inbata, aka mayar da laftof ɗina kan buhun gero ita kaɗai a soket. Liman, dattijo mai siririyar murya, ya ɗaura aure da maƙogwaronsa, sanƙira yana maimaitawa da ƙarfi don na baya su ji, jama'a suna fifita da huluna da gefen riga a cikin zafin rana. Da aka zo addu'a, aka yi wa ango da amarya, aka yi wa iyaye, aka yi wa ƙasa addu'ar zaman lafiya, sai sanƙira ya ƙara nasa: "A yi hwatiha ga surukin gida, Allah shi ba injin nai sa'a!" Aka shafa. Na ji amin ɗin nan tana rawa a bakin mutane saboda dariyar da suke dannewa.

Cikin gida kuwa wani labarin ne. Ashe firizan cike yake da kunun aya da zoɓon da mata suka kwana biyu suna haɗawa. Zoɓo ya yi ɗumi, kunun aya kuwa, kun san halinsa, kafin la'asar ya fara tsami. Ban ga Asma'u ba ranar, amma saƙonta ya same ni a waya. Kalma uku ne: "Malam, ka kyauta."

A zaure na ƙarasa yinin, zaune a ƙasa ina gadin allo. Duk wanda zai wuce sai ya leƙo. Abokan ango suka zo suka ɗauki hoto. Wani dattijo daga dangin ango ya tsaya ya daɗe yana kallon madannan, sannan ya tambaye ni ko tana iya faɗin ranar da ruwan farko zai sauka bana. Aka kawo mini shinkafa da nama har kwano biyu, na kasa taɓawa, ga yunwa ga kunya.

Bayan la'asar fankokin laftof ɗin suka yi shiru da kansu. Taswira ta bayyana. Ga duwatsun garinmu, ga shuɗayen layuka suna gangarowa, ga ɗaya ya bi ta daidai gefen gonar mahaifina, inda ruwa ke ci duk shekara. Duk da halin da nake ciki, na so in yi ihu, amma na riga na cinye rabona na ihu a gidan nan, sai na toshe baki da hannu ina ta jijjiga ni kaɗai. Na naɗe caja, na nemo hulata a hannun wani, na je na durƙusa nesa da Alhaji don sallama, tunda hanyarmu ba a son a yi yamma a kanta.

Ya ce, "Ta ƙoshi?"

Na ce, "Ta gama, Baba."

"To madalla. Allah shi sa albarka."

Ranar Litinin na gabatar da aiki, baƙon malamin ya yaba, na tsallake. Murna ta sa bakina ya ƙi rufuwa, na bi Dakta ofis na kwashe labarin duka na ba ta, ina jiran ta ce lallai na yi jarumta. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Sannan ta ce in buɗe laftof ɗin. Ta nuna mini wani ɗan maɓalli a gefen manhajar da nake lissafin da ita, wanda kullum nake gani ban taɓa dannawa ba.

"Wannan manhajar tana ajiye aikinta lokaci-lokaci. Ko wuta ta ɗauke, ko batir ya mutu, nan za ka danna ta ɗora daga inda ta tsaya. Da ka kashe ta ka tafi bikinka, ka dawo ka ci gaba."

Na ce, "Har na ranar Alhamis ɗin?"

"Har shi."

Na nemi kujera na zauna. Dakta ta yi dariya har da hawaye, ta fita ta kira wata malama ta ce in maimaita mata wajen farantin goro.

Asma'u na gaya mata, bayan ta huce, kuma har yau in ta ga kunun aya sai ta kalle ni. Alhaji kuwa ban gaya masa ba, kuma ba ni da niyya. Duk baƙon da ya zauna da shi a ƙofar gida sai ya nuna masa faifan solar da ke kan rufi, ya ce da wutar gidan nan surukinsa ya yi digiri, har aure aka ɗaura ba lasifika saboda shi. Yana faɗa yana jin daɗi, ni kuma ina gefe a durƙushe ina cewa haka ne, Baba.

Yanzu in ɗalibi ya zo neman shawara kan laftof ɗin da zai saya, nakan bar shi ya gama lissafo mini furosesa da ram, idonsa yana ƙyalli irin nawa na da. In ya gama sai in ce duk na ji, amma ya koma shagon ya tambayi abu biyu: me take ci, kuma a gidan wa za ta ci shi.